Yadda na kusa kashe Hilux ɗina da hannuna

Ƙannena masu shirin sayen a-kori-kura mai shan gas don neman na tuwo, kullum tambayarku ɗaya ce, wai tsohon inji mai famfo za a saya ko sabo mai kwamfuta. To ni dai duka biyun sun bi ta hannuna, ɗaya na sayar da ita lafiyarta ƙalau, ɗayar kuma saura ƙiris in kai ta hannun 'yan gwangwan.

Motata ta farko Hilux ce mai injin 5L, lita 3, silinda huɗu, babu tobo, giyar hannu mai lamba biyar. Da ita nake ɗauko tattasai da shinkafa daga wajen Haɗejia, ranar Alhamis kuma in leƙa kasuwar Maigatari. Motar nan ba ta san gudu ba, ƙarfinta bai kai doki 100 ba, in ka loda ta ka zo hawa sai ka ji tana nishi kamar tsohon jaki, baƙin hayaƙi na bin ka a baya, 'yan Sharon na wuce ka suna danna maka hon. Amma fa ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. Famfonta ƙarfe ne zalla, taimin bel ke juya shi, shi zai auna gas ya tura wa nozul, nozul ɗin kuma sifirin ne a ciki, matsi na kaiwa zai buɗe ya fesa, shi ke nan magana ta ƙare. Wuta ba ta da wani aiki a jikin injin sai hita na safe, da kik, da wata 'yar waya guda da ke zuwa jikin famfo don kashe mota. Batir ya yi sanyi? Yara huɗu su tura, ka sa giya biyu ka saki kuloci. Iska ta shiga layin mai? Ka yi ta danna famfon hannu na saman filta, ka sassauta noti na kan nozul da sifana 17 har kumfa ta ƙare. Na yi wannan a bakin titi da fitilar waya a baki ba sau ɗaya ba.

Ranar da na ce zan sayar da ita Baffana ya kalle ni ya ce "Ɗana, wannan sabuwar in ta tsaya maka a Gumel wa zai taɓa ta?" Na ce Baffa ai zamani ya canza. Ya ce to Allah ya sa alheri, bai ƙara ko kalma ba.

Na ɗauko Hilux Vigo 'yar Beljiyam, irin ƙirar da ta fara fitowa wajen 2005, injin 1KD wanda ake rubuta wa D-4D a jiki, giya otomatik. Kuma kar wani ya ruɗe ku a majalisa da cewa sabon inji shirme ne, wallahi ba shirme ba ne. Lita 3 ne shi ma, amma ƙarfinsa ya doshi doki 170, ga tobo, tirela kake wucewa da kaya a baya hankalinka kwance, gas ɗin da yake sha bai kai na tsohuwar ba, babu hayaƙi babu wannan kakkarwar da ke sa haƙoranka haɗuwa. Motar ba ta da laifi. Ni ne na riƙe ta riƙon 5L, sabo turken wawa.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne yadda komon rel ke aiki. Famfo na cika wani bututu guda, wato rel ɗin, da gas a matsin da kan haura bar 1,500, alhali tsohon nozul bai kai bar 200 ba yake buɗewa, sannan kwamfutar motar ce ke buɗe injekta da wuta, ta ɗan fesa kaɗan ta sake fesawa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa injin ba ya ƙara. Ramukan bakin injektan nan kusan kaurin gashin kai ne, kuma gas ɗin da kansa shi ne man da ke sa ƙarafunan cikin famfo da injekta santsi. Ka ga kenan in ruwa ya shiga ko an sirka gas da kalanzir, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.

Ni kuwa na saba da 'yan bumburutu, in gas ya yi ƙasa a hanya sai in tsaya a juye min jarka biyu in wuce, tsohuwar ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Wata rana wata fitila ta kama a dashbod, na kai wa wani rewaya ya ce "Oga sanso ne kawai ke damun ka", ya cire soket ɗin, fitila ta mutu, na ba shi na goro ina murna. Ashe fitilar nan cewa take ruwa ya taru a gindin filta, aikin minti biyar ne, ka murɗa wani ɗan famfo a ƙasa ruwan ya zube. Ɗan hakin da ka raina kenan. Ga kuma filta ɗin kanta ta araha nake saye, kwali mai kyau ciki kamar rariya.

Ba a yi wata biyu ba ta fara wahalar tashi da safe, farin hayaƙi, sai ƙara kamar ana buga guduma a cikin inji, rannan a wajen Gumel ɗin da Baffa ya ambata ta mutu mus. Anan na tafka wauta ta biyu, na samu mai tifa ya ja ni da igiya har Kano. Giya otomatik injin ne ke juya famfon manta, in inji a kashe yake mai ba ya zagayawa, tayoyi kuma suna ta juya cikin giyar a bushe. Da na kwance furofela, sandar nan da ke haɗa giya da tayoyi, noti 'yan kaɗan, ko na ɗora ta a kan babbar mota, da giyar ta tsira. Da ma can na riga na jigata ta, ina shiga yashi da lodi a D maimakon in saukar da ita L, sannan duk jan mai da na samu a shago shi nake ƙara mata, ban san kowace giya da kalar man da littafinta ya ce ba. Giyar hannu in ka ci zalinta galibi faifan kuloci ne zai tafi, wuni ɗaya an canza, ita kuwa wannan sai an sauke ta an nemi mai ita.

Sai na kai ta wajen tsohon makanikena, mutumin kirki, gwanin 5L ne na gaske, ido rufe zai saita maka famfo. Ya kwance injektocin ya baje su a kan kwali a ƙasa, iska na kaɗa ƙura, ya wanke da fetur ya mayar har da tsofaffin washa. Ba ta gyaru ba. Muka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa muka sayo wasu injektocin na hannu muka ɗaura, ƙarar guduma tana nan. Sai da wani ya haɗa ni da wani yaro matashi mai laftof, ya soka waya a ƙasan sitiyari, ya ce "Alhaji wa ya sa maka injekta bai shigar da lambarsu ba?" Ashe kowace injektar kamfanin Denso, irin ta motar nan, akwai wasu lambobi a kanta da dole a rubuta wa kwamfutar motar don ta san yadda za ta auna mata mai. Ya zuba gas ɗin filta a farin roba ya ɗaga wa rana, sai ga wani abu na ƙyalli kamar garin azurfa, ya ce famfonka ne wannan ya niƙe, kuma ya bi ko'ina. Tanki, bututu, rel, duk sai da aka sauke aka wanke, aka sa famfo da sabbin washa, don ya ce washar nan in tana yoyo baƙin gawayi ke taruwa a baƙin mai ya toshe rariyar da ke cikin kaskon inji, inji ya yi nokin. Kuɗin da na kashe da giyar da komai, da na sake sayen wata tsohuwar mota.

Kar kuma ku ɗauka tsohon inji waliyyi ne. Kan 5L ba ya son zafi, ka bar lagireto ya toshe ko ka bi masu cewa a cire tamostat ka daina kallon allurar zafi, rana ɗaya kan silinda zai tsage. Taimin bel ɗinsa kilomita 100,000 ake canzawa, in ya tsinke bawul sun tafi. Sannan motocin sun tsufa, bodi ya ruɓe, masu gyaran famfo na ainihi ma sun fara ƙaranci. Duk da haka akwai dalilin da ya sa direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku ke girmama Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida lita 4.2, wanda tun 1990 ake yin sa, a cikin Sahara ba ka da mai laftof, gas kuma na durom ne. Su kuma na 2015 zuwa sama masu injin GD, sarƙa ce maimakon bel, giya shida, daɗi ba a magana, sai dai wasu musamman na Turai suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa wadda gas maras kyau da zirga-zirgar cikin gari ke toshewa.

In aikinka ƙauye ne da kasuwannin daji, gidan mai na kirki ya yi maka nisa, ka nemi mai famfo da giyar hannu ka haƙura da gudu. In kan kwalta kake kuma kana da gidan mai guda da ka yarda da shi, sayi mai kwamfuta, amma ka fara nemo mai gyaranta kafin ka nemo motar. Ranar dubawa ka je da sassafe kafin dillali ya ɗumama ta, ka taɓa injin da hannunka ka ji sanyi ne, ka murɗa makulli ka ga duk fitilun dashbod sun kama kafin su mutu, wadda ba ta kama ba wani ya cire ta kamar yadda aka yi min. Mai laftof ya karanta maka injekta ɗaya bayan ɗaya. In otomatik ce mai sandar awo ka zaro ka shinshina, in man ya yi baƙi yana warin ƙauri, ka mayar musu da makullinsu.