Asarar da ba ta da layi a littafin akanta

Shekara 11 na yi ina riƙe da littafin kuɗi a wata masana'antar sarrafa katako, kuma duk ƙarshen wata sai an yi mita a kan layi ɗaya: kayan kariya. Safar hannu, tabarau, abin toshe kunne, takunkumin ƙura, tukunyar kashe gobara, ga kuma lokacin da ma'aikata ke zama ana koya musu kauce wa haɗari alhali inji na tsaye. Maigidanmu mutumin kirki ne, amma da idonsa ya faɗa kan layin nan sai ya ɓata rai. A ganinsa kuɗi ne ke fita ba ya dawowa da komai.

Ni ma haka na ɗauka, har ranar da zarto ya datse wa wani matashi yatsu biyu. An cire murfin da ke rufe haƙoran zarton ne don wai yana rage sauri, ga oda ta matsa. Ina ofis na ji ƙarar injin ta canza, sai ihu. Da na fito na tarar da yaron zaune a ƙasa, ya cusa hannun cikin rigarsa, jini na ɗiga a kan garin katako. Ko kuka bai yi ba. Abin da yake ta tambaya shi ne ko za a kore shi. Har yau tambayar nan tana sosa mini rai.

Bayan wata uku na zauna na haɗa lissafi. Kuɗin asibiti da diyya kowa ya gansu, amma ba su ne suka fi cin mu ba. Inji ya kwana huɗu a rufe. Odar da ake ta rawar jiki a kanta ta makara, mai ita ya koma wajen wani. Wanda aka ɗauka a madadin yaron ya yi wata biyu yana ɓarnar katako kafin hannunsa ya faɗa. Ƙwararru biyu suka ajiye aiki ba tare da sun ce uffan ba. Duk wannan asara ta warwatse, wata ta ɓuya a ƙarƙashin gyara, wata a ƙarƙashin albashi, wata ma ba inda aka rubuta ta. Kuɗin kariya yana da layi guda da kowa ke gani, shi ya sa ake jin zafinsa, asarar haɗari kuwa ba ta da layi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki. Kimanin 330,000 ne haɗari ke kashewa, sauran wajen miliyan 2.6 cuta ce ke cinye su a hankali, ta hanyar ƙurar da ke taruwa a huhu, da sinadarai, da aikin da ba hutu. Ƙungiyar ta ce abin da ake asara ya kai kusan kashi 4 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa a shekara. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na cutar, domin mai ita yakan bar aiki shekaru kafin tari ya kama shi, babu mai danganta abin da kamfanin.

A 2012 mujallar Science ta buga wani bincike kan kamfanonin jihar Kalifoniya ta Amurka da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a aka je duba matakan kariyar ma'aikatansu. Raunuka sun ragu da kashi 9.4 cikin 100, kuɗin da ake kashewa a kansu ya ragu da kashi 26, kuma ba a ga alamar ayyuka ko ciniki sun ragu ba.

Ba duk kuɗin da aka kashe da sunan kariya ne ke da amfani ba, wannan gaskiya ce. Na ga inda aka cika bango da alluna, aka tara takardun sa hannu, inji kuma na nan ba murfi. Ƙaramin mai sana'a da ke fama da biyan albashi yana da hujjar kokawa da irin wannan. Abin da ke ceton hannu sau da yawa ba shi da tsada: murfi, maɓallin tsayar da inji, da mai gida da zai saurari wanda ya ce ya ga matsala. A ginin Rana Plaza na Bangaladesh an ga tsagewa a bango tun ana gobe abin zai faru, aka tilasta wa masu ɗinki komawa ciki don kada aikin yini ya tafi a banza. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu.

Lissafina ya tsaya ne a ƙofar masana'anta, bai shiga gidan yaron nan ba. An biya shi, an bar shi a aiki, amma ba ya iya riƙe katako, sai aka mayar da shi sito a kan albashin da bai kai na da ba. Daga baya na ji ƙanwarsa da yake biya wa makaranta ta daina zuwa. Murfin zarton kuwa an mayar da shi tun washegarin haɗarin, cikin minti 20, da kusoshi huɗu.