Wa ya kamata ya rubuta mana manhajar mangaza?

Ni ke riƙe da lissafi a wani gidan sari na kayan masarufi a nan Maraɗi: shinkafa, suga, mai, taliya. Shekara da shekaru littafin bashi da Excel ne ke ɗauke da komai. Da mai gida ya ce a yi manhajar da za ta haɗa kaya, bashi da faktir (takardar ciniki) wuri guda, ni aka ɗora wa neman mai yi. Ko ɗan gari, ko maƙwabta, ko can nesa ta intanet.

Na nesan na fara gwadawa, don kowa cewa yake sun fi araha. A Upwork, shafin da ake ɗaukar masu aiki ta intanet, na yi magana da wasu ƴan Indiya, kuma ayyukan da suka nuna mini masu kyau ne, ba ƙarya. Sai dai agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi. Ƙarfe shida na yamma, lokacin da muke haɗa cinikin rana kuma matsala ke fitowa, su goma da rabi na dare ce. Ga Turancin Ingilishi, ni kuwa Faransanci na karanta. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne bayyana musu bashinmu. Mutum ya zo daga Dakoro ya ɗauki buhu arba'in a kan amana, ya aiko rabi ta kamfanin aika kuɗi na Nita, wani kason yaronsa ya kawo a hannu ranar kasuwa, saura kuma ya biya da naira a canjin ranar. Su tsarin da suka saba, mai saye ya sa kati ya biya, an gama. Aikin da aka riga aka zana shi tsaf za su yi shi cikin sauri. Namu kuwa a kan mutane yake, ba a rubuce ba.

Zuciyata Kano ta fi karkata. Harshe ɗaya, agogo ɗaya, ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya ka ratsa Katsina, kana can. Akwai gwanaye, kuma ba sai ka fassara musu mene ne sari ko ɗan kamasho ba. Amma da muka zauna kan takarda sai iyakar ta fito fili. Manhajar da aka nuna mini tana neman lambar waya mai lamba 11, tamu 8 ce. Harajin kan kaya a can kashi 7.5 cikin 100 ne, TVA ɗinmu 19. Littattafanmu suna bin SYSCOHADA, tsarin lissafi na ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta OHADA, wanda aka sabunta ya fara aiki a 2018, Najeriya kuwa ba ta cikin OHADA. Faktir ɗinmu da Faransanci take fita, da lambar NIF ta shaidar mai biyan haraji a kai, ga kuma tsarin tantance faktir na hukumar haraji. Duk wannan sai an koya musu daga tushe, kuma kuɗin koyon a kanmu yake.

Sannan ba mu manta da 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyakarmu da Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Duk mai kwangila a tsakanin ƙasashen nan biyu ya san sai an fara yanke da wane kuɗi za a biya. Ta wannan fuskar ma kamfanin Dakar ko Kwatano ya fi dacewa da littattafanmu, tunda sefa ɗaya muke kashewa, dokar kasuwanci ɗaya. Sai dai farashinsu ya fi ƙarfinmu, kuma ba mai tasowa daga can don firinta ta ƙi aiki.

Ɗan garin wani matashi ne da ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Bai zo da hotuna masu ƙyalli ba. Cewa ya yi a bar shi ya wuni a mangaza, wurin ajiyar kayanmu. Ya zauna kan buhun shinkafa yana kallon yadda mai tsaron kaya ke jan layi a bango da alli duk buhun da aka loda. Ya ga wuta ta ɗauke, ya ga rezo, wato sabis ɗin waya, ya tafi ya dawo. Da yamma ya ce mini dole manhajar ta yi aiki ko babu intanet, ta aika bayanai in an samu, kuma a sa hoton kowane kaya, don mai tsaron ajami yake karantawa. Ba wanda ya faɗa mini haka a cikin sauran.

Mai gida ya tambaye ni, "Malam, yaron nan zai iya kuwa?"

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, zai iya, amma kada a bar shi shi kaɗai."

Don gaskiya akwai abin tsoro. Mutum ɗaya ne. Gobe in ya samu aiki a Yamai, ko ciwo ya kwantar da shi, ina muka nufa? Kuma bai taɓa riƙe bayanan kuɗin mutane masu yawa haka ba. Don haka muka rubuta yarjejeniya: rubutun da aka gina manhajar da shi yana zaune a asusun gidanmu na GitHub, shafin ajiyar irin wannan rubutu, kalmar sirri tana hannuna, biya kuma kashi-kashi, sai ɓangare ya yi aiki a gabanmu. Muka ɗauki wani ƙwararre a Kano yana duba abin da yaron ya rubuta, yana kula da tsaro da ajiyar kwafin bayanai, ana biyansa da sefa. A nan bambancin dokar haraji bai shafe shi ba, ƙwarewarsa kawai muke saye.

Yanzu mangaza ɗaya ta koma kan manhajar, sauran suna nan da littafi har a gama ɓangaren faktir. Yaron kuma ya fara koya wa wata abokiyar karatunsa yadda aka gina ta, bisa sharaɗin da na sa a yarjejeniya.