Shagona na kayan noma, da abin da manoma ke zuwa nema

Ina da ɗan shago a wajen Kura, kan hanyar Kano zuwa Zariya, ina sayar da iri, taki, maganin feshi, mesa da injin ban ruwa. Sana'ar nan ita ta koya min cewa noma ba iri ɗaya ba ne, don daga abin da mutum ya tambaya kana gane irin gonar da ya baro.

Mai noman damina sai an yi ruwan shuka kake ganinsa, ya ɗauki buhun NPK da Yuriya da maganin ciyawa, daga nan kuma sai baɗi. Amma 'yan noman rani su ne cinikina na gaske, don mu nan ruwan dam ɗin Tiga ne ke raya mu, daga Kadawa har Garun Malam ba ka rasa shinkafa, alkama, albasa da tumatir. Su kullum suna tafe, yau mesa ta fashe gobe tsutsa ta shiga fangali. Wanda ya ga 2016 ba zai manta da sharon ba, ƙwaron nan da ya cinye tumatir, wallahi na ga dattawa suna hawaye a bakin shagona, ni ma bashin da na bayar a shekarar da yawansa na yafe don ba ta inda za su biya.

Yanzu kuma matasa ne ke zuwa da waya a hannu, wai Alhaji kalli yadda ake yi a Holan. Na kalla kuwa, tumatir a cikin ɗakin gilashi, ba ƙasa ma, saiwar tana shan ruwan da aka haɗa da sinadari. Ko su nuna min Amurka inda mutum ɗaya da injinansa ke nome gonar masara da ido ba ya ganin ƙarshenta. Abin yana burge ni sosai, amma nakan zaunar da yaro in tambaye shi ina wutarka, ina kuɗin gilashin, kuma wa zai sayi tumatir ɗinka a wannan tsadar alhali ga kwanduna jibge a Kwanar Gafan? Su can Holan sanyi da ƙarancin fili suka kai su ga haka, mu kuma matsalarmu ruwa ce da kuɗin mai.

Wanda na ga ya karɓe mu shi ne ban ruwa na ɗigo da Isra'ila ta yi suna a kai, siririyar mesa mai huji tana ɗiga a gindin shuka. Masu lambun kankana da tattasai sun fara saye, sai dai dole ka sa abin tace ruwa, in ba haka ba laka ta toshe hujin cikin sati biyu ka dawo kana faɗa da ni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma injin sola ya fi komai tafiya, tsada ne a farko amma ka huta da jarka.

Kuma ba sai Turai ake koyo ba. Wani kwastomana ɗan Tawa ta Nijar ya ba ni labarin tassa, da rani su haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe su zuba takin gida, in ruwa ya sauka ya taru a ciki gero ya tashi. Wannan ba abin da zan sayar maka a kai sai fartanya, duk da haka nakan faɗa wa masu gonar tudu su gwada.

Bana dai na rage odar injin fetur na ƙaro na sola guda shida, huɗu har an riga an ba da kafin alƙalami.