Ga masu jinyar mai ciwon daji: sikeli kaɗai ba ya isa

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na gida, musamman ku da Allah ya ɗora wa jinyar mai ciwon daji. Sannunku da ɗawainiya, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Daga Ingila nake rubuto muku, inda nake aikin jinya a ɓangaren waɗanda cutar ta yi musu nisa. Idan na tambayi 'yan'uwa a waya jikin wani da ke kwance, amsar da na fi ji ita ce, “Ai da sauƙi, jikinsa ma bai faɗa ba.” Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali, don na sha ganin mutum fuska a cike, ciki a tashe, alhali naman da ke ɗauke da shi ya zube.

Ciwon daji idan ya yi nisa yakan hargitsa yadda jiki ke sarrafa abinci. Ƙarin dajin da kansa, da garkuwar jiki da ke faɗa da shi, suna sakin wasu sinadarai a jini waɗanda ke kashe sha'awar abinci, su kuma sa jiki ya riƙa narkar da tsokarsa. Likitoci na kiran wannan hali kakeksiya, kuma ya fi yawa a dajin tumbi, maƙogwaro, huhu da fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci). Wanda yunwa ta ramar, idan ya samu abinci yakan murmure. Wannan ramar kuwa abinci shi kaɗai ba ya mayar da ita duka. Shi ya sa gano ta da wuri yake da muhimmanci, tun akwai sauran abin tsarewa.

A 2011 ƙwararru daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kenneth Fearon na Edinbara, suka tsayar da ma'auni: wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 6 ba da niyya ba, ya shiga wannan hali. Mai kilo 60 ke nan ya rasa sama da kilo 3. Ga wanda dama siriri ne, wuce kashi 2 ma ya isa. Don haka ku riƙa ɗora shi a sikeli ɗaya duk mako, da safe, ku rubuta a takarda da kwanan wata.

Amma sikeli yana da makanta. Ruwan da ke taruwa a ciki ko a ƙafafu yana da nauyi, kitse ma haka. Tsoka na iya raguwa da kilo 2, ruwa ya ƙaru da kilo 2, allurar sikeli ta tsaya inda take, kowa ya yi hamdala. A 2008 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka duba masu ƙiba 250 da ke da dajin huhu ko na hanyar abinci, suka tarar kashi 15 cikin 100 tsokarsu ta zaizaye a ƙarƙashin ƙibar, kuma su ne suka fi saurin rasuwa. Da hoton siti sikan suka gane, ta hanyar auna tsokar da ke kewaye da ƙashin baya a daidai kwankwaso. Idan an riga an yi wa naku wannan hoto na ciki, ba laifi ku tambayi likita ko tsokar ta ragu.

Sai dai ku ne kuke riga hoto gani, ku da kuke masa wanka kuna sauya masa kaya. Ku duba gefen goshi ko ya loɓa. Ku duba kafaɗa ko ta daina zagaye ta yi kusurwa, da tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ko ta zama rami. Ku matsa cinya da sha-raɓa ku ji ko sun saki. Agogo ko zobe da ya fara yawo a hannu shi ma magana yake yi.

Ƙarfi ya fi siffa saurin tona asiri. A asibiti akwai ɗan abin auna ƙarfi da ake matsewa da hannu: namiji da ya kasa kai kilo 27, ko mace kilo 16, ana ɗaukar ƙarfinsu ya ragu. A gida kujera ta wadatar. Ya naɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5, wani na tsaye kusa don kada ya faɗi. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafawa, a faɗa wa likita.

Me hakan zai sauya? Ana lissafa yawan maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, da tsawo da nauyi, kuma mai ƙarancin tsoka ya fi shan wuyarsa, don haka likita na buƙatar sani. Sannan sau da yawa akwai abin da ke hana ci wanda yake da magani: gyambon baki, tashin zuciya, taurin bayan gida, zogi, baƙin ciki. Abinci kaɗan-kaɗan mai gina jiki a kai a kai, da ɗan tattaki gwargwadon iko, suna rage gudun zubewar.

Akwai kuma abin da ke sosa mini rai. Idan cutar ta kai matakin ƙarshe, ramar ba ta juyawa, kuma na ga yadda kwanon abinci ke haɗa uwa da ɗa faɗa, ita tana kuka tana cewa ya ƙi ci, shi yana jin ya ci amanarta. Ba taurin kai ba ne, ba kuma gazawarki ba ce, Mama. Ki miƙa masa abin da ransa ke so, idan ya ɗauki cokali biyu ya ce ya isa, ki ƙyale shi ki zauna kusa da shi.

Ranar komawa asibiti ku tafi da takardar nauyin nan, ku ce wa likita: ga nauyinsa wata 6 baya, ga na yau, ga abin da yake iya yi da ya daina.

Wassalam,
'Yar'uwarku a Ingila