Abin da ya kai ni Sakkwato lokacin kakar albasa

Ƙarfe shida da kwata motarmu ta bar Zariya, domin duk wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Gusau a wannan zamani ba ya son la'asar ta riske shi a kanta. Direba bai tsaya ba sai a Talatar Mafara, inda muka jiƙa maƙoshi a tsaitsaye. Daga Tureta zafi ya sake hali, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Watan Afrilu ne. Muna wuce Shuni na fara cin karo da abin da ya taso ni daga gida: manyan motoci maƙare da buhunan albasa, sun miƙa kudu.

Sana'ata niƙan kayan yaji ce, citta da barkono da kanumfari. Wani mai haɗa kayan ɗanɗanon taliya a Kano ya daɗe yana tambayata garin albasa. Ranar da ya nuna mini buhun da yake saye, na ga an rubuta Indiya a jikinsa, abin ya tsaya mini a rai. Na gwada da kaina, na yayyanka na shanya a tabarma. Ta yi baƙi, ta kwashi ƙura, da na niƙa kuma ta dunƙule kamar ƙuli-ƙuli. Shi ya sa na kira kawuna, wanda ya haura shekara talatin yana fataucin albasa a Sakkwato, na ce ina tafe.

Washegari da sassafe ya kai ni inda ake lodi. Tun kafin ka iso wari zai gaya maka akwai asara a wurin. Ga albasar Goronyo da Wurno da Gada, ga wadda aka kawo daga Aliero ta jihar Kebbi, ja jawur, wata ta cika tafin hannu. A gefe guda yara na zazzage buhu suna tsince wadda ta fara ruɓa, suna jefawa kan wani tsibi da ya kai ƙugun mutum. Na ɗauki guda na matsa, ruwa ya biyo yatsuna. Rabinta lafiya lau take, amma ba mai saye.

Da hantsi muka bi hanyar Wurno wajen wani tsoho da Kawu ke sayen kaya a hannunsa. Ruwan dam ɗin Goronyo, wanda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, da fadamun da ke bin kogin, su ke riƙe da noman rani a wannan yanki, har da tafarnuwa da shinkafa. Tsohon ya nuna mini rudunsa: dandamali ne na itace da kara, an ɗaga shi daga ƙasa don iska ta ratsa, an lulluɓe da ciyawa. A nan ake ajiye albasa a jira damina ta yi nisa, kuɗinta ya tashi.

"Baba, nawa ke fita lafiya?" na tambaye shi.

"Ɗana, albasa ba ta da amana," ya ce. "Wata shekara ka kwashe da dariya, wata shekara ka kwashe da shebur. Mi za mu yi? Mu dai noma muka iya."

Maganar nan ta bi ni har cikin barci. Mutumin ya iya aikinsa ƙwarai. Abin da ya rage ba aikinsa ba ne.

Rana ta uku na shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, can mazauninta na dindindin ta wajen Dundaye. A cikinta akwai cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki kan amfani da hasken rana, ciki har da na'urorin busar da amfanin gona. Wani malami ya ba ni lokacinsa fiye da yadda na zata. Na'urar da ya kwatanta mini ba ta da wani sihiri: faranti baƙi a ƙarƙashin gilashi yana zuƙar zafin rana, iska ta shiga ta ƙasa ta cikin raga, ta ɗumama, ta haura ta ratsa tire-tiren da aka jera yankakkiyar albasa, ta fice ta bututu da damshin. Ba ƙura, ba ƙuda, ba akuya.

Ya kuma warware mini inda na kuskure. Kusan kashi 90 cikin 100 na albasa ruwa ne, don haka kilo goma ɗanya da ƙyar ya ba ka kilo ɗaya busasshiya. In zafi ya wuce misalin digiri 60, sukarin da ke cikinta zai sa ta yi duhu. In ba ta bushe ƙarau ba, ko aka bar garin ya sha iska, sai ya dunƙule. Sannan masana'antu sun fi son farar albasa mai ƙarancin ruwa, mu kuwa ja muka fi nomawa.

"Ka ga ke nan aikin ya faro tun daga iri," in ji shi. "Mu za mu iya gwadawa mu auna. Amma sai an samu mai cewa zan saya, ga yawan da nake so, ga ingancin da nake so."

A nan na gane inda gizo ke saƙar. Daga jami'ar zuwa wurin lodin nan tafiyar mintoci ce a Keke Napep, amma ilimin yana nan, asarar tana can. Kuma a ganina mu 'yan kasuwa ne ya kamata mu taka mu je. Attajiri zai zuba miliyoyi ya cika rudu yana jiran tsada, ya yarda wani kaso ya ruɓe, amma bai taɓa tunanin ware kuɗin buhu ashirin a gwada busarwa ba. Haka fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya, ribar sarrafa ta kuwa ta tafi hannun wasu. A shinkafa an ga bambanci: tunda kamfanin WACOT ya buɗe injinsa a Argungu a 2017, ga kuma na kamfanin Labana a Birnin Kebbi, manomin yankin ya san akwai ƙofar da zai kai kayansa. Albasa ma irin wannan ƙofar take nema.

Haɗin gwiwar da nake nufi tsakanin 'yan kasuwa da jami'a ba taro a otal da ɗaukar hoto ba ne. Takarda ce da za ta fayyace wa ke da zanen na'urar, nawa za a biya masu bincike kan kowace guda da aka ƙera, wa zai auna damshi da tsaftar garin a ɗakin gwaji kafin a nemi lambar NAFDAC, da kuma manoma nawa za su gwada farar albasa bisa alkawarin za a saye. Ɗalibai su samu wurin koyon aiki, matan da ke yankan albasa su samu abin yi a watannin da take arha. Mai kilishi da mai busar da tumatir ma na'ura iri ɗaya za ta yi musu aiki.

Daren ƙarshe, bayan na ziyarci Hubbaren Shehu, Kawu ya kai ni wajen wani mai walda da ke yi masa gyaran bodin mota. Na zana masa abin da na gani a bayan kwali. Ya juya shi sama da ƙasa, ya tambayi kaurin gilashin da faɗin ragar, tambayoyin da ban iya amsawa ba.

"Alhaji, wagga aba ba ta gagara ta," ya ce. "Amma ka haɗa ni da malamin, in ji awon daga bakinai."

Na kira malamin a wurin, suka sa ranar Talata. Kawu ya ce shi zai ba da buhu biyar na gwaji, daga cikin waɗanda suka fara laushi.

Da asuba na kama hanyar gida da buhu biyu a but. Muna dab da Gusau waya ta yi ƙara, mutumin Kano ne, yana tambaya yaushe zai ga samfur. Na ce masa ya ba ni mako shida.