Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Binciken Gida Saboda Karya

Makon jiya na tsaya a daren da ɓarayi suka ɓalle ƙofar bayan gidanmu a Bradford ta Ingila, suka kwashe talabijin da kwamfutar Auta, mu kuwa muna sama muna sharar barci. Kayan ba su dame ni ba kamar yadda barci ya ƙaurace wa Maman yara. Ko iska ce ta kaɗa kwandon shara sai ta zabura ta tashi zaune. Da aka kwana goma a haka, wata safiya ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, ni dai ɗayan biyu: ko mu tashi daga gidan nan, ko mu samo kare."

Na ɗauka wasa take yi. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, inda kare sai a hannun mafarauta. Muna yara in mun gan shi jifa ce gaisuwarmu, sunansa ma zagi ne a bakinmu. Amma tashi ba ya yiwuwa, bashin gidan ko rabi ba mu biya ba. Sai na kira Yaya, wanda shi ne malamin gidanmu tun rasuwar Baba.

"Allah gafarta Malam, wata 'yar matsala ce," na ce, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce hadisi ya yi togiya ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da na gadin gida. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Sannan ya ba ni labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan: katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare, aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, shi kuwa ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. "Amma ka ji ni da kyau," in ji Yaya, "kada ya shiga ɗakin da kuke salla."

Auta ce ta gano wata ƙungiyar ceton karnuka a Facebook. Ba su da gidan karnuka ko ofis. Duk karen da suka ceto, wani daga cikinsu ne zai kai shi gidansa ya riƙe, kamar yadda ake ba gwaggo riƙon 'yar ɗan'uwanta, har a samu mai ɗauka na dindindin. Amfanin haka shi ne uwar riƙon ta san halin dabbar ciki da bai: ko tana tsoron maza, ko tana jure yara, ko tana fitsari a ɗaka.

Ni a zatona zuwa zan yi in nuna da yatsa in biya. Ina! Takardar da suka aiko ta fi ta neman biza tambayoyi. Awa nawa gidan ke zama babu kowa? Haya ne ko naku? Wa zai kula da shi in kun yi tafiya? Bayan mako guda wata tsohuwar Baturiya ta iso da tef ɗin awo a jaka. Ta auna shingen bayan gida, ta ce ƙafa 6 ne, ya yi. Ta tsuguna tana leƙen ƙarƙashinsa ko akwai rami. Wallahi ko da na je neman auren Maman yara a Tudun Wada ba a bincike ni haka ba.

A nan muka yi karo. Na nuna mata lungun da na yi niyyar kafa ɗan akurki, ta girgiza kai. Ba sa ba da kare ga wanda zai kwanar da shi a waje, sanyin hunturun nan kashe shi zai yi. Ni kuma na ce ba zai hau mini darduma ba. Muka yi cirko-cirko a tsakar ciyawa, Auta tana kallonmu kamar za ta yi kuka. Maman yara ce ta raba gardamar. Akwai ɗan ɗakin wanki tsakanin kicin da ƙofar baya, da na'urar ɗumama ɗaki a ciki, kuma ta nan ɗin ɓarayin suka shigo. Aka yarda a sa ƙaramar ƙofar ƙarfe irin wadda ake tare jarirai da ita. Tsohuwar ta rubuta a takardarta, ta kuma tambaye ni lokutan salla, wai don ta sani. Na ji ta kwanta mini a rai daga nan.

Wadda suka zaɓa mana karya ce baƙa, mai farin ƙirji, daga Romaniya. Uwar riƙonta ta ce tun 2013, bayan karnukan titi sun kashe wani yaro ɗan shekara 4 a Bukares, dokar ƙasar ta ba da damar kashe karen da ya yi kwanakin aiki 14 a hannun hukuma ba a zo nemansa ba. Daga irin wannan wurin aka fito da ita. Aka yi mata allurar ciwon haukan kare, aka jira kwana 21, sannan ta ratso Turai a bayan mota. Tsakanin kafaɗunta akwai 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarta. Tun Afrilun 2016 wannan tilas ne a Ingila, wanda ya ƙi ana iya cin sa tarar fam 500. Yanzu sunana ne a kan lambar. Ni, jikan limami.

Ranar da muka je ganinta, tana hango ni ta shige ƙarƙashin tebur tana karkarwa. Matar ta ce in zauna a ƙasa, kada in kalle ta. Na fi minti ashirin ina kallon bango kamar wanda aka sa a horo. Can sai na ji numfashi a ƙafata. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Ai kuwa ta ɗauka, ta koma da shi ƙarƙashin teburin ta ɗora haɓa a kai. Matar ta share ƙwalla ta ce karyar ba ta taɓa matsowa kusa da namiji ba sai yau.

Na sa hannu a yarjejeniyar cewa in ta gagare mu, gare su za mu mayar, ba sayarwa, ba kyauta. Kuɗin da na biya zai sayi ragon layya mai kyau a gida. Auta ta raɗa mata Duna, ta kuma kira Hajiya a Zariya tana ihu, da Hausarta ta 'yan Ingila da ba ta raba k da ƙ: "Kaka, Baba ya kawo ƙarya gida!" Hajiya ta ce ai tun yana yaro ya saba.

Daren farko, wajen ƙarfe biyu, wani abu ya faɗi a bayan gida. Na sauko da sandar mofa, ina jiran haushi. Shiru. Na kunna fitila, na tarar da mai gadin tamu ta cusa kanta bayan injin wanki, jela kaɗai ake gani, takalmina kuma yana bakinta.

Abin da ya faɗi a bayan gidan, da yadda maƙwabcinmu ɗan Pakistan ya daina amsa mini sallama, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.