Inda wasiƙunmu ke kwana

Kawuna fata yake sayarwa, ta jar akuyar nan tamu ta Sakkwato, kuma tun ina sakandare ni ne mai rubuta masa wasiƙa. Shekara goma sha ɗaya muna amfani da adireshin imel guda na kyauta. A nan rasitai suke, da hotunan kaya, da cinikin da aka yi da masu jima na Kano, da duk wata magana da aka ƙulla da wani mai saye daga Italiya. Ran nan waya ta ɓace a kasuwa. Da muka zo shiga daga sabuwar waya sai aka ce an aika lambar sirri zuwa tsohon layi, shi kuwa layin da sunan wani yaron shago aka yi masa rajista, yaron ya bar gari tun tuni. Na cike takardar neman taimako har sau huɗu. Babu ɗan Adam ɗin da ya amsa mini.

Da na gaya wa Kawu, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Wai ɗana, wasiƙun ga, ina sunka kwana duk shekarun ga?" Na ce a kwamfutocin kamfanin, can ƙasar waje. Ya ce, "Ashe ɗakin aro munka zauna." Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. A daren nan na ƙudura cewa sai na gina mana namu ɗakin, wato sabar imel, kwamfutar da za ta riƙa karɓa da ajiye wasiƙunmu.

Na fara da sayen sunan gidanmu na intanet mai ƙarewa da .com.ng ta hannun ɗaya daga cikin dillalan da hukumar NiRA ta amince da su, don ita ke kula da sunayen intanet na Najeriya. Wannan bai ba ni wahala ba. Sai na ɗauko tsohuwar kwamfutar cinyata, na sa mata Debian, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na ajiye ta a kan teburi a ɗakina a Mabera, ina ganin an gama. Ba ta yi ba, kuma dalilan suna da amfani ga duk wanda zai gwada daga nan. Intanet ɗin da yawancinmu ke amfani da shi na layin waya ne, inda kamfani ke haɗa mutane da yawa a bayan adireshin IP guda, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, saboda haka wata sabar daga waje ba ta da hanyar ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ƙofa ta 25 kuma, wadda sabobin imel ke gaisawa ta cikinta, a kan rufe ta ga masu intanet na gida don hana masu watsa tarkacen wasiƙu. Ga wuta mai zuwa da tafiya. Ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40, fankar kwamfutar tana kuka kamar injin markaɗe. Bayan mako biyu na haƙura, na kama hayar wata 'yar ƙaramar sabar a Jamus mai ƙwaƙwalwar gigabait 1, da adireshin IP nata na kanta. Kafin in biya sai da na tabbatar za su buɗe mini ƙofa ta 25.

Akwai manhajojin da ke haɗa maka komai a dunƙule, ka danna abu biyu ka sami imel da kalanda da shafin shiga mai kyau. Ban raina su ba. Amma abin da ya same mu ya sa ba na son duk wani abin da in ya lalace ba zan iya buɗe cikinsa in gani ba. Sai na zaɓi ƙananan kayan aiki, kowanne da aikinsa guda, kamar yadda a wurin Kawu mai jiƙa fata daban, mai kankare gashi daban, mai rini daban.

Postfix shi ne ɗan aike. Wietse Venema ya rubuta shi lokacin yana aiki da IBM, aka sake shi a 1998, kuma har yau aikinsa karɓar wasiƙa da kai wasiƙa. Dovecot, na Timo Sirainen ɗan ƙasar Finlan, shi ne mai tsaron akwati: idan waya ta zo ta ƙofa ta 993 tana neman wasiƙun Kawu, shi ke tambayar kalmar sirri ya miƙa mata. Na sa OpenDKIM don buga hatimi, certbot don karɓo takardar ɓoye sirri daga Let's Encrypt kyauta, wadda ke ƙarewa bayan kwana 90 ta kuma sabunta kanta, sai fail2ban mai gadi. Ba su fi haka ba.

Abin da ya sa na ƙaunaci Postfix wani fayil ne mai suna main.cf. Rubutu ne zalla, layi bayan layi, kana karantawa kamar jerin kayan lefe. Ga layin sunan sabar, ga layin sunan gidanmu, ga layin da ke faɗin waɗanda aka yarda su aika wasiƙa ba tare da tambaya ba. Wannan na ƙarshen, mai suna mynetworks, a yi hattara da shi ƙwarai. Wanda ya buɗe shi ga kowa ya mai da sabarsa jakin duniya, 'yan damfara za su ɗora mata dubban wasiƙu kafin gari ya waye, sunanta ya shiga jerin baƙin littafi irin na Spamhaus, kuma fita daga nan aiki ne. Na bar shi a kan sabar ita kaɗai. Duk wanda zai aika, ko ni ne, sai ya bi ta ƙofa ta 587 da suna da kalmar sirri.

Wasiƙar farko na aika ta ne bayan sallar isha, ina zaune a tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa. Na raba allon kwamfuta biyu, gefe guda ina rubutu, gefe guda fayil ɗin rahoto yana gudana. Na ga sabar ta nemi ta wancan gefen, sun gaisa, sai ga layi ya fito da status=sent a ƙarshensa, wato an aika. Na daɗe ina kallon kalmar nan. Tsarin da suka yi maganar da shi, SMTP, tun 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa, kuma har yanzu ya bar wa mutum ɗaya a Mabera damar ya tsaya sahu guda da manyan kamfanonin duniya ya miƙa wasiƙarsa.

Sai dai wasiƙar ba ta shiga akwatin gaba ba, kwandon tarkace ta faɗa. A nan na gane cewa girka manhaja shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne a yarda da kai. Baƙo ne kai a kasuwa, ba wanda ya san ubanka, dole ka zo da shaida. Shaidun kuwa huɗu ne, kuma ukun farko a rajistar sunan gida ake rubuta su. SPF yana cewa ga adireshin da na yarda ya yi aike da sunana. DKIM hatimi ne da ake bugawa a kan kowace wasiƙa da mabuɗin sirri, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin fili da ka wallafa, in an taɓa ko harafi guda a hanya hatimin ba zai dace ba. DMARC yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da wasiƙar da ta zo da sunanka amma ta kasa kawo shaida. Na huɗun shi na manta, wato PTR, wanda ke sa idan an tambayi adireshin IP sunansa ya faɗi sunan da sabar ke kiran kanta da shi. Wannan a shafin masu ba da hayar sabar ake gyara shi, shi ya sa ya kuɓuce mini har kwana uku. Tun Fabrairun 2024 Gmail ta sa ƙa'ida cewa duk mai aiko mata sai yana da SPF ko DKIM da kuma PTR mai kyau, masu aika sama da wasiƙa 5,000 a rana kuma sai sun ƙara da DMARC. Mu ba ma aika ko talatin a mako, amma na sa duka.

Ko bayan haka sai da aka ɗauki makonni. Na roƙi abokan cinikin Kawu ɗaya bayan ɗaya a waya, in sun ga wasiƙarmu a tarkace su fito da ita su amsa. Wani dattijo a Kano ya ce, "Malam, ai mun ɗauka kun daina sana'ar." Da haka da haka hanya ta buɗe.

Abu guda ya kwantar mini da hankali game da ɗaukewar sabar. Imel ba kiran waya ba ne da in ba ka ɗauka ba ya wuce. Idan sabarka ta faɗi, mai aikowa yana riƙe wasiƙar ya yi ta sake gwadawa, Postfix kansa kwana 5 yake yi kafin ya mayar wa mai ita. Sau ɗaya na ɓata wani layi a saitin Dovecot da daddare ban lura ba sai da hantsi. Na gyara, kafin azahar duk abin da ya taru ya shigo.

Ba zan ce wa kowa ya bi wannan hanya ba. Wanda ba zai iya ware rabin awa a mako ya sabunta manhaja ya leƙa rahoto ba, gara ya sayi sunan gidansa ya ba wani kamfani riƙo, don ko haka ya yi, sunan nasa ne, ran da aka ɓata masa rai ya ɗauke ya kai wani wuri. Rahoton kansa yakan tsorata sabon shiga. Ba dare ba rana wasu injuna daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna gwada sunaye da kalmomin sirri a ƙofarmu. Fail2ban yana ƙirga musu, wanda ya yi kuskure sau biyar ya toshe shi.

Tsohuwar kwamfutar nan ta Mabera ma ba ta yi ritaya ba. Na zaɓi tsarin Maildir, inda kowace wasiƙa fayil guda ce mai zaman kanta, saboda haka kwafe su ba wuya. Kullum da azahar, lokacin da rana ta cika batirin sola, cron mai tsaron lokaci yana tada rsync mai kwafar fayiloli ya jawo sababbin wasiƙu daga Jamus zuwa faifan da ke ɗakina. Da hunturu nakan lulluɓe ta da tsohon rawani saboda ƙura. Ranar Juma'ar da ta wuce Kawu ya biyo bayan masallaci, na kai shi ɗakin, na ɗaga rawanin na buɗe masa wasiƙar ɗan Italiya ta watan jiya ba tare da intanet ba. Ya duƙa ya kalli faifan, ya taɓa shi da yatsa, ya ce in buɗe wa autansa adireshi shi ma, tunda bana zai fara zama shago.